Kafin a sayi SSD mai araha a Katsina

Tsohuwar laftof da ke ɓata minti uku kafin ta buɗe Windows, sau da yawa faifan ajiyarta ne matsalar, kuma sauya shi da SSD ya fi sayen sabuwar kwamfuta sauƙi a aljihu.

Da farko a buɗe bayan kwamfutar a ga irin gurbinta. Yawancin tsofaffin HP da Dell na hannu da ake sayarwa a shagunan Katsina suna karɓar SATA mai inci 2.5, mai gudun kusan 550MB a sakan. NVMe ya ninka shi gudu, amma ba kowane gurbin M.2 ke karanta shi ba. Wani SATA kaɗai ya sani.

Mai 120GB ba ya isa, Windows da 'yan manhajoji za su cika shi. A nemi 240GB zuwa sama. Kingston A400 da Crucial BX500 sun wadatar.

Babban haɗarin shi ne jabu da wanda aka yi amfani da shi. Kafin a biya, a sa mai shago ya buɗe CrystalDiskInfo: zai nuna awannin da faifan ya yi yana aiki. H2testw kuma yana tona asirin wanda aka yi wa ƙaryar girma.