Darasi: Aikin Gida Bayan An Kai Amfani Rumbu

An shirya wannan darasi ne domin a karanta shi cikin ƙungiya, ko a taron Zumuntar Mata, ko na matasa, ko kuwa a gida bayan tuwon dare. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a tsaya a ƙarshen kowane kashi a tattauna.

Manufar darasi

Kowane manomi ya san kalandar gona. Damina takan kama daga Mayu ko Yuni zuwa Satumba ko Oktoba, gwargwadon inda mutum yake. Sai kaka, sai hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, sai bazara da zafinta har ruwa ya sauka. Ba wanda yake mance lokacin shuka. Amma gida ma yana da tasa kalandar, ita ce muka fi mancewa.

Daga Nuwamba zuwa Afrilu wata shida ne, rabin shekara ke nan. A yawon da muke yi cikin ƙauyuka mun lura da abu ɗaya: gida biyu sukan girbe hatsi daidai wa daida, amma in Yuli ta zo, rumbu ya yi ƙasa, mudu ya yi tsada, sai ka tarar gida ɗaya yana cin bashi, ɗayan kuwa yana lallaɓawa. Sau da yawa bambancin yana cikin abin da aka yi da watannin nan shida. Gidan farko ya riƙa ɗibar hatsi yana sayarwa domin kayan miya da magani da bargo. Na biyun ya samo waɗannan daga bayan ɗaki da aikin hannu.

Za mu duba ayyuka uku waɗanda ba sa bukatar jari mai yawa: lambun bayan ɗaki, bargon ƙyallaye, da karatun dare.

Kashi na ɗaya: Lambun bayan ɗaki

Da damina ganye yana ko'ina. Da rani kuwa miyar gidaje da yawa takan koma kuka da busasshiyar kuɓewa har wata da watanni. Suna da amfani, amma jikin yaro da na mace mai ciki ko mai goyo yana bukatar ɗanyen ganye da kayan lambu masu launin ja ko ruwan ɗorawa, irin su karas da kabewa da dankalin Hausa mai jan ciki. A cikinsu ake samun bitamin A. Rashinsa ne yake kawo dundumi, wato yaro ya kasa gani da almuru, yana kuma rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta.

Ba sai mutum yana da fadama ba. Ga yadda za a fara:

1. A yi shinge tukuna. Bayan girbi ana sakin dabbobi, akuya ɗaya kuwa takan gama aikin wata guda kafin a dawo daga rijiya. Karan dawa ko ƙaya sun isa.

2. A yi fangali mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita uku, a ɗan zurfafa shi ƙasa da filin da ke kewaye domin ruwa ya zauna. Faɗin kada ya wuce haka, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ƙasar ba.

3. A gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. In babu ruɓaɓɓe, a haƙa rami yau, a riƙa jera shara mai ruɓewa da kashin dabbobi da toka kaɗan, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Cikin wata biyu zuwa uku zai nuna. Leda da batir kada su shiga ramin.

4. A fara da abin da ba ya ba da wahala: alayyafo, rama, yakuwa, albasa. Alayyafo yakan isa yanka cikin mako huɗu zuwa biyar, in an yanka sama aka bar gindi zai sake tohowa. Tumatir da karas da kabeji da latas sun fi son sanyin hunturu, saboda haka a shuka su tun Nuwamba.

5. A rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Fangali irin wannan da aka rufe, jarka ɗaya mai lita 20 takan ishe shi a rana lokacin sanyi, rabi da safe rabi da yamma. Da bazara sai an ƙara.

Inda ruwa yake da wuya, ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka yana da amfani. A zuba shi a gindin shuka, kada ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye. Ruwan da aka sa wa maganin cire datti mai ƙarfi kuwa a zubar da shi nesa. Wanda ba shi da fili yana iya cika buhu da ƙasa da taki, ya jera ƙananan duwatsu a tsakiya daga ƙasa har sama don ruwa ya bi, ya huda gefen buhun ya dasa.

Kowane gida ya kamata ya sami zogale ko da gindi uku. Yana jure fari, yana kama daga iri ko daga reshe. In za a shanya ganyensa, a shanya a inuwa, domin rana tana cinye bitamin ɗin da muke nema. A kuma bar shuka biyu ko uku mafi kyau su yi iri, a busar sosai, a gauraya da toka, a rufe cikin kwalba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kashi na biyu: Bargon ƙyallaye

Waɗanda ke zaune a kan dutsen Jos da kewayensa sun san sanyin Disamba da Janairu, amma ko a ƙasar Bauci da Gombe da kudancin Kaduna asubar hunturu ba wasa ba ce. In babu abin rufa, sai a shigo da kaskon wuta a rufe ƙofa da taga. Nan haɗari biyu suke. Na farko gobara. Na biyu, gawayi da ke ci cikin rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba a ganinta, ba ta da wari, tana iya kashe mutum cikin barci. Hayaƙi da ƙura kuma suna tsananta tari da ciwon haƙarƙari ga yara. Yaron da yake numfashi da sauri, ko ƙirjinsa yana faɗawa ciki in ya ja numfashi, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira.

Bargon kasuwa yana da tsada, amma kayan yin bargo suna cikin gidajenmu: tsofaffin zannuwa, rigunan makaranta da suka matse, da ƙyallayen da teloli suke sharewa. Kafin Kirsimeti ɗinki ya fi yawa, lokacin ne ya kamata a roƙi tela ya riƙa tara mana su a buhu.

Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce. Lifidin da ake sa wa doki da mahayinsa, wanda har yau ake gani a hawan Salla a Kano da Katsina da Zazzau, haka ake yinsa: yadi sama, yadi ƙasa, auduga a tsakiya, a bi da ɗinki. A wasu ƙasashe ma talauci ne ya koya wa mata irin wannan ɗinki. A ƙauyen Gee's Bend da ke jihar Alabama a Amurka, mata baƙaƙen fata, jikokin bayi, sun daɗe suna haɗa barguna daga tsofaffin kayan aikin gona don rufe 'ya'yansu a ɗakunan katako masu sanyi. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin kai suna ɗinkawa suna sayarwa. A 2002 aka baje bargunansu a babban gidan adana zane-zane na birnin Houston, a 2006 kuma gidan waya na Amurka ya buga hotunansu a kan sarki. Allura da zare da tsumma suka fara da su, irin waɗanda muke da su.

Ga yadda ake yi:

1. A wanke dukan ƙyallayen, a shanya, a goge in da hali. A zaɓi na auduga. Yadin roba yana narkewa ya manne wa fata in ya taɓa wuta. Kada a haɗa mai kauri da marar kauri, domin mai kaurin zai yage ɗan'uwansa.

2. A yanka kwali murabba'i, inci 6 kowane gefe. Da shi za a auna kowane ƙyalle. In an ci rabin inci a kowane gefe wajen ɗinki, inci 5 zai rage.

3. Bargon yaro mai faɗin inci 40 da tsawon inci 50 yana cin ƙyalle 80, wato jeri 10, kowane jeri ƙyalle 8. Na babba mai inci 60 da 80 yana cin 192, wato jeri 16 na ƙyalle 12.

4. A shimfiɗa su a tabarma a ga yadda launukan suka zauna kafin a ɗinka. A haɗa jeri-jeri, sa'an nan a haɗa jerin.

5. A shimfiɗa zane lafiyayye a ƙasa, tsofaffin zannuwa biyu ko tsohon bargo a tsakiya, haɗaɗɗun ƙyallayen a sama. A soka zare mai kauri ya ratsa duka ukun a kowace kusurwa, a ƙulla sau biyu. A naɗe baki a ɗinke.

Ɗumin yana fitowa ne daga iskar da ta maƙale tsakanin shimfiɗun uku, shi ya sa zane uku da aka ɗinke suka fi yadi ɗaya mai nauyi. Jariri dai a rufe shi zuwa ƙirji kawai, kada bargo ya kai fuskarsa.

Mace ɗaya za ta daɗe tana fama da ƙyalle 192. Amma mata takwas, kowace ta ɗauki jeri biyu, aiki ya ragu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya tana iya yin na kowace mamba bi da bi kamar adashi, ta fara da gwauraye da marayu da gidajen da suka rasa kayansu a gudun hijira. Maza ma, wanda ke da keken ɗinki ya ba da yini ɗaya.

Kashi na uku: Karatun dare

Da damina ana dawowa gida a gajiye. Da hunturu dare yana da tsawo, kowa yana kusa da murhu. Babu lokacin da ya fi wannan dacewa da karatu.

Kakanninmu sun sha wuya kafin su same shi. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, a shekarun 1950 kuma aka yi gangamin Yaƙi da Jahilci a Jihar Arewa, manya suka zauna gindin itace suna koyon baƙi da wasali. Amma karatu kamar fartanya yake, in an jingine sai tsatsa. Akwai iyaye mata da suka gama firamare, yau suna jin kunyar a miƙa musu littafi a taro domin shekara goma ba su buɗe ba.

Abin da rashin karatu yake jawowa muna ganinsa: a fesa maganin ƙwari fiye da yadda aka rubuta a jikin kwalba, a ba yaro maganin da kwanansa ya wuce, a dangwala hannu a takardar jinginar gona ba a san abin da ta ƙunsa ba.

Muna ba da shawarar minti 20 kowane dare bayan tuwo. A ajiye waya, a kashe rediyo, a kunna fitila mai aiki da hasken rana. Kowa ya karanta layi biyu ko uku da ƙarfi, daga uba har autan da ya fara makaranta. Wanda ya yi tuntuɓe a taimake shi, kada a yi masa dariya. Masu ɗinki suna iya ci gaba da ɗinkinsu suna sauraro. In yaro ne ya fi iyawa, shi ne malami, ba abin kunya ba ne. Bayan karatun ibada, a haɗa da littafin makarantar yara, ko labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ko wannan takarda da ke hannunku. Majami'a tana iya ajiye akwati ɗaya na littattafai a riƙa ara ana mayarwa.

Rubutu ma ya shiga. Kowane gida ya sayi littafin rubutu ɗaya ya zama littafin gida. A rubuta ranar ruwan farko, ranar shuka, dami ko buhu nawa aka samu, nawa aka sayar da kuma dalili, da farashin mudu a farkon kowane wata. Bayan shekara biyu littafin nan zai nuna muku watan da hatsinku yake zurarewa, da abin da yake cinye shi.

Kalandar gida a taƙaice

Oktoba da Nuwamba: shinge, ramin taki, shukar farko, tara ƙyallaye.
Disamba zuwa Fabrairu: ɗinki da karatun dare, ban ruwa safe da yamma. A fara da bargon yara.
Maris da Afrilu: a yi wa lambu rumfar ciyawa, a tara iri, a wanke barguna a adana.
Mayu zuwa Satumba: gona ta karɓi ƙarfi. A dasa zogale, a shanya rarar ganye a inuwa, karatu ya koma ko da ranar Lahadi da yamma.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Bara, a wane wata muka fara sayar da hatsi, kuma me muka saya da kuɗin?
2. Ina ruwan wanke-wanken gidanmu yake tafiya yanzu?
3. Gida nawa ne a unguwarmu yara suke kwana ba abin rufa? Wa za mu fara yi wa bargo?
4. Me yake hana manya karatu a gaban 'ya'yansu, yaya kuma za mu kawar da shi?

Aikin wannan mako

Kada a ɗauki duka uku a rana ɗaya, da rarrafe yaro kan tashi. Kowane gida ya zaɓi ɗaya: ko ya kafa shinge, ko ya kai wa tela buhu, ko ya sayi littafin gida ya rubuta abin da ya shiga rumbu bana. A taro mai zuwa kowa ya faɗi abin da ya yi, magatakarda ya rubuta, mu kuma za mu duba tare in mun zo ziyara. Allah ya ba mu lafiya da ikon aikatawa.