Hurumin Rumfar Zaɓe a Lokacin Kaɗa Ƙuri'a da Wuri: Nazarin Dokokin Amurka da Abin da Ya Shafi Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dokokin da suka hana yaƙin neman zaɓe a kusa da wuraren kaɗa ƙuri'a a ƙasar Amurka, da yadda tsarin kaɗa ƙuri'a da wuri ya jirkita aikinsu. An bi hukunce-hukuncen kotuna daga 1992 zuwa 2023, aka kwatanta su da Dokar Zaɓen Nijeriya ta 2022. An gano cewa an tsara waɗannan dokoki ne domin zaɓen yini ɗaya, kuma da zarar an shimfiɗa zaɓe a kan makonni sai su ci karo da 'yancin kamfe, da tsawon layin masu zaɓe, da ma'anar kalmar "siyasa" ita kanta.

Fitilun Kalmomi: hurumi, rumfar zaɓe, kamfe, ƙuri'a

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san hurumi tun kafin ya san akwatin zaɓe. Fili ne da ake keɓewa a bayan gari ko a gefen maƙabarta, ba mai nomawa, ba mai gini a ciki, domin amfanin jama'a ya rinjayi na mutum ɗaya. Da wannan ma'ana aka ari kalmar a nan, don a ambaci tazarar da doka ta shata a kewayen wurin kaɗa ƙuri'a, inda ba a yarda ɗan takara ko magoyin bayansa ya nemi ƙuri'a ba.

Ɗaya kalmar ta fi wuyar sha'ani. A kafafen yaɗa labarai akan ci karo da "zaɓen wuri", amma a rubutun boko da ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, "wuri" na iya nufin bigire, ko tilon kuɗi, ko saurin lokaci. Don kauce wa ruɗani an zaɓi "kaɗa ƙuri'a da wuri", wato damar da ake bai wa mai zaɓe ya je da ƙafarsa ya kaɗa ƙuri'a kwanaki ko makonni kafin ranar zaɓe.

2.0 Asalin Hurumin

A mafi yawan ƙarni na 19 gwamnati ba ta buga takardar ƙuri'a a Amurka. Jam'iyyu ne ke buga tasu, kowacce da launinta da fasalinta, ana miƙa wa mutum a bakin rumfa. Ke nan wanda ya sayi ƙuri'a yana iya tsayawa ya ga ko an cika masa alkawari, haka ma ubangidan da ya yi wa ma'aikacinsa barazanar kora. A shekarar 1888 birnin Louisville da jihar Massachusetts suka rungumi tsarin ƙuri'ar sirri da aka aro daga Ostireliya, sauran jihohi suka biyo baya cikin 'yan shekaru. Tare da takardar gwamnati da ɗakin sirri ne hurumin ya zo, domin sirrin da ke cikin ɗaki ba shi da amfani idan an tare mutum a ƙofa.

Wannan tarihi ne Kotun Ƙolin Amurka ta dogara da shi a shari'ar Burson da Freeman ta 1992. Dokar jihar Tennessee ta hana neman ƙuri'a da raba takardun kamfe a cikin ƙafa 100 daga ƙofar wurin zaɓe. Mary Rebecca Freeman, ma'ajin kamfen ɗin wani ɗan takarar kansila a Nashville, ta ce dokar ta tauye mata 'yancin faɗin albarkacin baki. Alƙalai biyar suka tabbatar da dokar, uku suka saɓa. Mai shari'a Blackmun ya kafa hujja da cewa kare mai zaɓe daga tsoratarwa da maguɗi babbar maslaha ce, kuma bambancin ƙafa 100 da ƙafa 25 bai wuce tafiyar daƙiƙa 15 ba. Mai shari'a Stevens, wanda ya jagoranci masu saɓawa, ya nuna cewa dokar ta fi cutar da ƙaramin ɗan takara, wanda ba shi da kuɗin talabijin, sai dai ya tsaya ya gaisa da mutane a ranar ƙarshe. Wannan hujja ta Stevens ba ta yi nasara ba, amma har yau ba a ba ta amsa mai gamsarwa ba.

Kotun ba ta ƙayyade iyakar da ba za a wuce ba, don haka kowace jiha ta shata nata. Pennsylvania ƙafa 10 ce, Virginia 40, Teksas da Kalifoniya 100, Jojiya da Filorida 150, Louisiana kuwa 600. Kentucky ta gwada ƙafa 500, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe a 2004. Ta koma 300, aka sake rushewa a 2015, bayan ƙarar wani mai garejin gyaran motoci da aka cire wa allunan kamfe daga filinsa na kansa, saboda kawai yana kusa da wurin zaɓe.

3.0 Idan Ranar Zaɓe Ta Zama Makonni

Tun 1845 doka ta sa zaɓen shugaban Amurka a ranar Talatar da ke bin Litinin ta farko a watan Nuwamba, ranar aiki ce kuma. Teksas na cikin jihohin da suka fara buɗe ƙofa ga kowa ya kaɗa ƙuri'a da wuri, a ƙarshen shekarun 1980. A can ana farawa ne saura kwana 17, a rufe saura kwana 4. Jojiya tana ba da kimanin mako uku, Virginia kwana 45. A zaɓen 2020, lokacin annobar korona, mutum fiye da miliyan 100 suka kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe, wasu da ƙafarsu, wasu ta gidan waya.

Abin lura na farko shi ne, a Amurka babu dokar da ta tsayar da kamfe kafin zaɓe. Ɗan takara yana iya yin gangami da safe, ya ce wa jama'a su wuce kai tsaye wurin kaɗa ƙuri'a, kuma hakan ake yi. Majami'un baƙaƙen fata a jihohin kudu sun daɗe suna kwasar masu ibada a motoci bayan addu'ar Lahadi zuwa rumfunan zaɓe. Saboda haka hurumin ƙafa 100 shi ne kaɗai shinge tsakanin mai zaɓe da hayaniyar kamfe, kuma shingen zai tsaya ne makonni, ba sa'o'i goma sha biyu ba.

Na biyu, wuraren kaɗa ƙuri'a da wuri ba su da yawa kamar rumfunan ranar zaɓe, kuma akan sa su ne inda jama'a ke hada-hada: ɗakunan karatu, ofisoshin gunduma, manyan kantuna kamar yadda ake yi a Nevada, har da filin wasan ƙwallon kwando na Atlanta a 2020. Wanda ya shigo sayen burodi sanye da rigar ɗan takara bai zo zaɓe ba, amma ƙafarsa na cikin hurumi.

Na uku ya fi nauyi. Idan wurare suka yi kaɗan layi yakan yi tsawo, idan layi ya yi tsawo kuma yakan fita daga hurumin. A watan Satumba na 2020, a gundumar Fairfax ta Virginia, magoya bayan Donald Trump sun taru da tutoci suna rera take a gaban cibiyar kaɗa ƙuri'a da wuri. Ba su shiga ƙafa 40 da doka ta hana ba, amma masu jiran layi suna waje tare da su, har ma'aikata suka shigar da layin cikin gini. Doka ta auna tazara daga ƙofa, alhali wanda ake son karewa yana can nesa da ƙofar. Teksas ta hango wani ɓangare na wannan matsala, domin ta hana amfani da lasifika don kamfe a cikin ƙafa 1,000, tunda murya ba ta san layin da aka shata a ƙasa ba.

3.1 Ruwan Sha a Jojiya

A ranar farko ta kaɗa ƙuri'a da wuri a Jojiya, 12 ga Oktoba 2020, an sami waɗanda suka yi kusan awa goma a layi. Ƙungiyoyin sa kai suka riƙa raba ruwa da abinci. A watan Maris na 2021 Gwamna Brian Kemp ya sa hannu a wata doka da ta haramta ba mai zaɓe kyauta, har da abinci da abin sha, a cikin ƙafa 150 daga ginin, ko ƙafa 25 daga duk wanda ke kan layi. An bar wa ma'aikatan zaɓe damar ajiye ruwa inda mutum zai ɗiba da kansa. Dokar nan dai ita ce ta wajabta buɗe wuraren zaɓe a ranakun Asabar biyu.

Masu goyon baya sun ce kyauta a bakin rumfa ƙofar sayen ƙuri'a ce. Masu suka suka ce dogayen layuka sun fi yawa a unguwannin baƙaƙen fata, don haka hana ruwa wata hanya ce ta sa mutum ya gaji ya koma gida. A watan Agusta na 2023 wani alƙalin tarayya, J. P. Boulee, ya dakatar da sashen ƙafa 25 ɗin, ya bar na ƙafa 150, bisa dalilin cewa hurumin da ke bin layi duk inda ya kai ba shi da iyaka. An ɗaukaka ƙara. A ganin wannan maƙala kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ya san yadda taliya da sabulu da atamfa ke yawo a lokacin zaɓe a Arewa ba zai yi wa hujjar farko dariya ba. Sai dai gorar ruwa marar tambari, da aka miƙa wa kowa ba tare da tambayar wa zai zaɓa ba, ba ta cika sharaɗin ciniki ba. Tushen matsalar layin ne, ba ruwan ba.

4.0 Tufafi da Ma'anar "Siyasa"

A zaɓen 2010 an tsayar da Andrew Cilek a wata rumfa a Minnesota saboda rigar ƙungiyar Tea Party da wani bajo mai kira a nemi katin shaidar masu zaɓe. Dokar jihar ta hana sa duk wata alama ta "siyasa" a cikin rumfa. A 2018 Kotun Ƙoli, da rinjayen bakwai da biyu, ta rushe dokar. Babban Mai Shari'a Roberts bai ce jiha ba ta da ikon hana wasu tufafi ba. Abin da ya ce shi ne kalmar "siyasa" ta yi faɗi, ta bar wa ma'aikacin rumfa ya yanke hukunci da ra'ayinsa.

Nan ne batun ya shigo fagen nazarin harshe da al'ada, kuma Kano na da misalin da ya fi na Minnesota armashi. Jar hula ba tambarin wata jam'iyya ba ce da ke kan takardar ƙuri'a, kuma ana sa ta a ƙasar Hausa tun kafin Kwankwasiyya, amma ba ɗan Kanon da zai ga jerin jajayen huluna a layi ya rasa gane saƙon. Lema kuwa tambarin PDP ce, tsintsiya ta APC, amma matar da ta riƙe lema a layi cikin ranar Fabrairu ba lallai ba ne kamfe take yi. Alama ba ta ɗauke da ma'anarta a jikinta, al'umma ce ke ɗora mata, shi ya sa dokar da ta ce "alama" kawai ta yi shiru take jefa ma'aikacin wucin gadi cikin rigimar da ba a horar da shi a kanta ba.

5.0 Dokar Nijeriya ta 2022

Sashe na 126 na Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ya hana neman ƙuri'a, da rera take, da nuna hoto ko alama ko katin jam'iyya, da amfani da mota mai launin jam'iyya, da kunna jiniya, a rumfa ko a cikin mita 300 daga gare ta. Hukuncin tarar naira 100,000 ne ko ɗaurin wata shida. Sashen ya kuma hana yin gararamba bayan an kaɗa ƙuri'a ba da dalili ba, abin da ke buƙatar a karanta shi tare da taken nan na "a kasa, a tsare, a raka", tunda hukumar zaɓe ta yarda mai zaɓe ya tsaya cikin lumana ya ga ƙidaya.

Mita 300 ta kusa ƙafa 1,000, wato kusan ninki goma na abin da aka tabbatar a shari'ar Burson, kuma ta zarce wanda aka rushe a Kentucky. Rumfunan zaɓe a Nijeriya 176,846 ne tun bayan ƙarin da aka yi a 2021. A cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina, inda rumfuna ke maƙwabtaka da juna a makarantun firamare da ƙofar gidajen masu unguwanni, da'irorin mita 300 za su haɗe su rufe unguwa sukutum, da fastocin da ke jikin garu da gidan ɗan takarar kansa. Abin da ya sa wannan faɗi bai zama matsala a takarda ba shi ne sashe na 94, wanda ya rufe kamfe gaba ɗaya saura awa 24 a fara zaɓe. Wanda aka riga aka hana kamfe a ko'ina, ba ya jin nauyin hana shi a mita 300.

Nijeriya ba ta yi zaɓen 2023 da tsarin kaɗa ƙuri'a da wuri ba, saboda haka ma'aikatan wucin gadi fiye da miliyan guda, da jami'an tsaro, da 'yan jarida da aka tura nesa da rumfunansu, akasarinsu ba su yi zaɓe ba. Gana tana ware wa irin waɗannan rana ta musamman, 'yan kwanaki kafin 7 ga Disamba, kuma hukumar INEC ta ba da shawarar a yi haka bayan bitar zaɓen 2023. Idan aka yi hakan a kan lafazin dokar 2022, ranar za ta faɗo ne a tsakiyar kwanakin da kamfe ya fi zafi, lokacin da motocin lasifika ke zagaya gari da waƙoƙin 'yan takara. Sashe na 126 ya ɗaure haninsa ne da ranar da ake gudanar da zaɓe, sashe na 94 kuma ya ƙirga awa 24 daga ranar kaɗa ƙuri'a. Sai an fayyace ko ranar ma'aikata tana cikin waɗannan ranaku. In tana ciki, kamfe zai tsaya a ƙasa baki ɗaya tun saura kwanaki. In ba ta ciki, ɗan sandan da ya je kaɗa ƙuri'arsa a sakatariyar ƙaramar hukuma zai yi layi ne ba tare da wani hurumi ba.