Bambancin Haske da Sauƙin Karatu a Shafukan Intanet

Abin da ido ya fi dogara da shi wajen rarrabe harafi daga fagen da aka rubuta shi a kai shi ne bambancin haske tsakaninsu. Saboda haka jan rubutu a kan kore yakan ɓace wa mai makantar launi, larurar da ta fi samun maza. A shekarar 2008 ƙungiyar W3C ta ƙayyade ma'aunin wannan bambanci: ƙananan haruffa su kai 4.5 bisa 1, manya kuwa 3 bisa 1. Baƙi a kan fari yana kai 21 bisa 1. Amma masu tsara shafuka suna sha'awar rubutu ruwan toka mai haske, wanda sau da yawa yakan gaza ma'aunin, har dattijo mai yanar ido ya kasa karanta ranar da likita ya sa masa.