Barkonon da Ya Dace da Baranda

Jikata, amaryar bene, an ce mini kin jera bokitai uku a baranda kin zuba 'ya'yan attarugu, kina jiran ranar da za ki huta da aiken yaro kasuwa. Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai da kin shawarci tsohon mijin nan naki kafin ki shuka, da na ce ki ɗan dakata.

Attarugu ɗan sarauta ne, ba ya son matsi. In ya samu ƙasa mai kyau yakan kai ƙugun mutum, ya baje rassa ko'ina har faɗinsa ya kusa kamo tsawonsa. Tun daga tsiro yake nuna halinsa. Shambo da tattasai kwana 7 zuwa 14 sun leƙo, shi kuwa sai ya shafe sati uku ko huɗu yana kwance a ƙasa. Bayan dashe ma sai kin ƙirga wata uku ko fiye kafin ki ga ja. Kowane tushe yana son mazubi mai cin lita 20, irin bokitin fenti ko jarkar da aka yanke wa kai. Uku a barandar da ko tabarma ba ta shimfiɗuwa sosai, ina za ki yi shanya?

Mu da muka tashi a lambu ba mu taɓa damuwa da girman shuka ba, fili ne ga shi nan har bakin rafi. Ku kuwa da taku ake auna muku wuri. Saboda haka kafin ki tambayi mai iri zafin barkononsa, fara tambayarsa iya tsawon da yake kaiwa in ya girma.

Ni dai tsiduhu zan zaɓa miki, ƙananan nan masu tsayuwa kai sama kamar an soke allurai. A fili shi ma yakan yi duhu, amma yana haƙuri da tukunya, yana kuma karɓar aski. In ya kai kamar taƙi ɗaya sai ki tsinke kansa da farce, ya daina miƙewa ya koma yin rassa ta gefe. Ganyensa ƙanana ne, 'ya'yansa ba su da nauyin da zai karya reshe, kuma bokiti mai lita 10 ya ishe shi. In kin kula da shi yakan wuce shekara yana ba ki. Abin da ya yi yawa ki shanya a faifai, ki daka yaji.

Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ki. Akwai ma'aunin zafi da wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A kansa shambo yana tsakanin 30,000 da 50,000, irin su tsiduhu daga 50,000 suke farawa, attarugu kuma 100,000 zuwa 350,000. Ƙwaya uku sun tayar da miyar mutum biyu. Zafin ma ba a 'ya'yan ciki yake zaune ba kamar yadda ake cewa, a farin jijiyar da ke riƙe da su yake. In angon naki rago ne, ki kankare ta.

Turawa masu zaman bene irin naki sun daɗe da fitar da iri na musamman saboda tukunya. Akwai Apache, wanda ba ya wuce kamar santimita 45, da Prairie Fire da ya fi shi gajarta, har a bakin taga ake ajiye shi. In kin ci karo da su a wurin masu sayar da iri a fakiti, ki gwada. Ki dai duba, in an rubuta F1 to haɗin aure ne, 'ya'yan da kika ajiye daga jikinsa ba lallai su biyo uban ba. Na gida kuwa, ki bar ɗaya ya nuna sosai a jikin uwar, ki shanya a inuwa, kin samu irin baɗi.

In dashe za ki saya, tsugunna ki duba da kyau. Ki bar dogon nan mai siririn wuya da ya fi 'yan'uwansa tsawo, neman rana ne ya miƙar da shi. Ɗauki gajere mai kaurin kara, wanda ganyensa ke kusa da juna. Sai ki juya bayan ganyen. In kika ga wasu fararen ƙwari sun tashi kamar toka, ko ganyen ya nannaɗe, ajiye masa kayansa ko da kyauta ya ba ki.

Sauran aikin kaɗan ne. Huda gindin bokiti, don barkono ya fi jure ƙishi a kan jiƙa. Ki ba shi rana ta awa shida, ta safe ta fi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da bango ke huci har bayan magariba, fure yakan zube. Ba ciwo ba ne, ki ja shi inuwa da azahar. Taki kuma sai wanda ya ruɓe. Ina saurayi na taɓa zuba ɗanyen kashin kaji don gaggawa, kwana biyu na tarar da shukar kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

Ban ce ki zubar da attarugunki duka ba, don ƙamshinsa a miyar taushe babu mai maye shi. Bar ɗaya a bokitin da ya fi girma, can kusurwa. Sauran biyun ki kawo mini ranar Juma'a in dasa a bayan gida, ki koma da tsiduhu. Akwai shi a ƙullin tsumma cikin aljihun babbar rigata.