Jirgi Ko Motar Yaya? Lissafin Kai Inna Abuja



Ni malamin firamare ne a ƙaramar hukumar Safana, amma gidanmu na Batsari, can mahaifiyarmu take. Ciwon gwiwa ya sa ta gaba, har likita ya ce a kai ta Abuja ta ga ƙwararre, kuma ya faɗa mana ba zuwa ɗaya ba ne, za a riƙa komawa. Mu huɗu za mu tafi: ni, da Inna, da ƙanwata da za ta yi jinyarta, da yayana mai wata tsohuwar Golf da yake kai rogo kasuwa da ita.

Yaya ya dage a tafi da motarsa, wai kuɗin mai kawai za a haɗa. Ni kuwa na ce mu tsaya Kaduna mu hau jirgin ƙasa, don na ji an ce ya fi araha kuma ya fi kwanciyar hankali. Maganar ta yi tsami har Inna ta ɗaga labule ta ce mana in kuɗin mota ne zai raba mu, mu bar ta da man zafinta a ɗaki. Tun ranar ban ƙara tayar da zancen ba, amma yana cin raina.

Malam, albashina ba ya kai ƙarshen wata, kowace naira sai na ji fitarta. Wanne ya fi sauƙi a gaskiya? Akwai dabarar samun tikiti mai rahusa? Wani abokina ya turo mini lambar wani a WhatsApp, wai yana samar da kujera ko da an ce ta ƙare. Kuma jirgin Maraɗi da ake ta faɗa, zai yi mana wani amfani?

Naka,
Mai karatu daga Safana

Amsa: Allah Ya ba Inna lafiya, Ya saka muku da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Kai da yayanka duk kuna da gaskiya, sai dai kowa ya ƙirga ɓangaren da ya yi masa daɗi. Shi ya ƙirga mai ya tsaya. Kai ka ƙirga tikiti ka tsaya. Lissafin tafiya kuwa daga ƙofar gidan Inna yake farawa, ba ya ƙarewa sai a ƙofar asibiti, sannan a dawo.

Fara da taswira. Babu layin dogo a Batsari, babu a Safana. Tsohon layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, an shimfiɗa shi ne don kwasar auduga da gyaɗa, kuma yau ba abin da za ka ɗora tafiyar mara lafiya a kansa ba ne. Jirgin da kake nufi shi ne na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a Yulin 2016, mai tsawon kilomita 186, daga Rigasa zuwa Idu. Kafin ku ga Rigasa sai kun fito Dutsin-Ma, kun gangaro Funtuwa, kun bi ta Giwa zuwa Zariya, sannan Kaduna. Wato jirgin bai ɗauke muku ko rabin hanyar ba. Don haka gardamarku ta gaskiya a kan zango na ƙarshe take, daga Kaduna zuwa Abuja.

To mu ɗauki biro. Ta titi, wannan zangon kusan kilomita 190 ne. Tsohuwar Golf ɗauke da mutum huɗu da kaya, ka yi mata lissafin lita ɗaya a kowace kilomita 10, kada ka yarda da abin da mai mota zai faɗa maka, don kowane mai mota motarsa ba ta shan mai. Zuwa da dawowa ya kama lita 40 ke nan. Mu ƙaddara lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, kai sai ka sa farashin gidan man da kuke saye a madadinsa: naira 40,000. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, da wannan tambayar ma ba ta taso ba. Yanzu ta taso.

A ɓangaren jirgi, farashin da aka sanar lokacin da ya dawo aiki a Disambar 2022 shi ne naira 3,600 a ƙaramin aji, 6,500 a na tsakiya, 9,000 a na manya. Ka duba na ranar da za ku tafi kafin ka rufe lissafi. A kan 3,600, mutum huɗu zuwa da dawowa naira 28,800 ne. A ido jirgi ya ci da rarar 11,200.

Amma nan ne mutane suke faɗawa rami. In kun bar Golf a Kaduna, a ina za ta kwana, kuma nawa za a biya mai gadi? In kun sauka a Idu, wadda take can gefen gari, tasi za ku ɗauka shata, don Inna ba za ta iya cusa kanta cikin motar da ake loda mutum huɗu a baya ba. Akwai jirgin cikin birni da ke haɗuwa da wannan layin a Idu, wanda aka sake buɗewa a Mayun 2024, to amma shi ma tasha zai ajiye ku, ba ƙofar masauki ba. Daga masauki zuwa asibiti tasi ce, daga asibiti zuwa wurin gwajin jini ko hoto tasi ce, washegari a koma karɓar sakamako tasi ce. Kafin kwana biyu rarar nan ta narke, har kun fara taɓa kuɗin magani. Ga kuma hawa da sauka a tasha ga dattijuwa mai ciwon gwiwa, da ɗauko jaka da kwanon abinci da buta.

Shi ma Yaya ka tuna masa cewa mai ba shi kaɗai mota take ci ba. Tafiyar da ta doshi kilomita dubu zuwa da dawowa tana kusanto da ranar juye, tana cin taya, tana cin birki. In mota ta tsaya a daji tsakanin Kaduna da Jere, kuɗin bakanike da na janwe a rana ɗaya sai su fi tikitinku duka. Ku ware wani abu don wannan ku ba shi, kada ku bar masa shi kaɗai. Da yawan ɓacin rai tsakanin 'yan'uwa daga irin wannan kuɗin da ba a ambata ba yake tasowa.

Ga hukuncina. Tafiyar farko, da ku huɗu ne kuma ba ku san yawan zirga-zirgar da asibiti zai sa ku ba, ku tafi da motar Yaya har Abuja. Kuɗin kusan ɗaya ne, motar kuma za ta yi muku aiki a can. Tafiye-tafiyen da za su biyo baya, na komawa ganin likita, mutum biyu sun isa. A nan lissafi ya juye gaba ɗaya: tikitin mutum biyu zuwa da dawowa naira 14,400 ne, man mota kuwa yana nan a 40,000 ko mutum ɗaya ta ɗauka. Sai a bar Golf ta ci gaba da kai rogo, a hau motar haya zuwa Kaduna, a saya wa Inna kujerar gaba ita kaɗai, sannan a shiga jirgi. A cikin tarago za ta miƙe ƙafa, ga ban-ɗaki, ba ramukan titi. In masaukinku ta wajen Kubwa ko Gwarimpa yake, ku sauka a tashar Kubwa, ta fi Idu kusa.

Batun tikiti mai rahusa kuma, babu wata ɓoyayyiyar ƙofa. Tikiti mafi araha shi ne wanda ka saya da kanka a farashin hukuma. Tun Janairun 2021 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya take sayar da tikitin wannan layin ta intanet, kuma dalilin kawo tsarin shi ne kashe kasuwar masu cuwa-cuwa da suka daɗe suna saye su ɓoye su sayar da tsada. Ana neman lambar NIN ta kowane fasinja, don haka ka rubuta ta Inna da ta ƙanwarka a takarda tun daga gida, ku kuma riƙe katinku. Ƙaramin aji shi yake fara ƙarewa, musamman Juma'a da Lahadi da Litinin da jajibirin Sallah. In likita ya ba ku zaɓin rana, ku nemi tsakiyar mako, ka kuma saya da zarar an buɗe sayarwa. In sabis ya ƙi a Safana, ɗan'uwa a Katsina ko Dutsin-Ma zai iya saya muku da lambobinku. Gwamnatin tarayya ta sa an hau jirgi kyauta a ƙarshen 2023 da ƙarshen 2024, amma rububin da ake yi a irin wannan lokacin bai dace da mara lafiya ba.

Mutumin WhatsApp ɗin nan, ka goge lambarsa. In gaskiya yake yi, tsada zai sayar maka. In ƙarya yake yi, kuɗinka da lambar NIN ɗin mahaifiyarka sun tafi tare.

Kan tsaro ba zan yi maka daɗin baki ba, kuma mutumin da ke zaune a bakin dajin Rugu ba ya bukatar in koya masa. An tare titin Kaduna sau da yawa, shi ma jirgin an kai masa hari ranar 28 ga Maris 2022 kusa da Katari, aka kashe mutane aka sace wasu, ya tsaya sai 5 ga Disamba. Abin da ke hannunku shi ne lokaci. Ku fita bayan gari ya waye sosai, ku tambayi direbobin tashar Dutsin-Ma wace hanya suke bi a makon, ta Ƙanƙara ko zagaye, ku bi tasu ko da ta fi cin mai. Kada la'asar sakaliya ta same ku a daji. Ku kwana Zariya ko Kaduna wurin 'yan'uwa ku ƙarasa da safe. Direba ɗaya da tsohuwar mota da mara lafiya, raba tafiyar kwana biyu ya fi.

Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Katsina da Jibiya duk ba su da nisa da Batsari, kuma ina fatan ganin ranar da manomin Batsari zai loda buhunansa a tarago. Amma kafin ya kai ku Abuja sai an gama na Kano zuwa Kaduna an haɗe su. Gwiwar Inna ba za ta jira wannan ba.

Ka ɗauki wannan lissafin a takarda ka je wurin Yaya, ka fara da gaya masa cewa tafiyar farko tasa ce. Sannan ku shiga ɗakin Inna tare ku faɗa mata ranar tafiya.