Darasi: Lambun Itatuwa a Filin Makaranta

'Yan'uwa manoma, a darasin wannan wata za mu bar gonakinmu kaɗan, mu leƙa filin makarantar da 'ya'yanmu ke zuwa. Tun shekarar 1976, sa'ad da gwamnatin Nijeriya ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka yawaita a ƙauyuka, yawancinsu kuwa da fili mai faɗi. Amma in ka zaga me za ka gani? Ƙasa tsirara, da sandar tuta, da darbejiya ɗaya inda malamai ke jingine babura. Yara suna cikin aji suna haddace saiwa da ganye da fure daga zanen allo.

Muna so kowace ƙungiyar gama kai ta ɗauki makaranta guda, ta taimake ta dasa itatuwa masu 'ya'ya. Nunannen mangwaro da gwanda suna ba jiki bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi ga yara. Gwaiba ta fi lemo bitamin C. Mangwaro kuma yana nuna da bazara, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

Sai dai mu faɗi gaskiya, mun taɓa yin wannan aiki ya lalace a hannunmu. A wata makaranta muka dasa mangwaro da lemo, da damina suka yi kyau ƙwarai. Bayan kaka aka sako awaki, suka cinye wajen rabi. Sauran suka kai hutun Ista, aka rufe makaranta cikin zafin Afrilu, ba wanda aka ɗora wa ban ruwa. Da aka dawo sai sanduna. Laifin namu ne, gama mun shirya ranar dashe da jawabi da tafi, ba mu shirya wa rani ba.

Saboda haka kafin a sayi dashe ko ɗaya, a daidaita maganar ruwa da shinge. In babu rijiya ko famfo kusa, a soma da itatuwa goma. Goma masu rai sun fi hamsin busassu. Kowane dashe a kewaye shi da ƙaya ko sanduna, tsawon da akuya ba za ta miƙa wuya ba. Waɗansu suna son shingen bini-da-zugu domin dabba ba ta cinsa, amma ba mu yarda da shi a makaranta ba, gama 'ya'yansa guba ne, ƙananan yara kuwa sukan ɗauke su kamar gyaɗa.

Gwanda ita ce ta fari, domin tana yin 'ya'ya cikin shekara guda, yaro ya ga amfanin aikinsa tun bai ƙosa ba. A bar mita 2 zuwa 3 tsakani. A sa uku a rami ɗaya, gama akwai namiji akwai mace, ba a gane su sai sun yi fure. Sa'an nan a bar mace, a cire mazan sai kaɗan domin barbara. Wannan ma darasi ne da allo ba ya iya koyarwa. Gwaiba tana so mita 6, tana yi cikin shekara 2 ko 3, ba ta da tsirfa. Lemo yana son ruwa fiye da su. Ya fi dacewa da wurare irin ƙasar Binuwai, a can arewa kuwa sai inda akwai fadama ko rijiya mai ƙarfi.

Mangwaro shi ne babba. A nemi mai aure, wato wanda aka ɗaura reshen iri mai kyau a kan gindin na gida. Mai aure yakan soma 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, na ƙwallo sai ya kai 6 ko fiye, ba kuwa lalle ya yi kama da uwarsa ba. Yaron da ya dasa mai aure yana aji biyu zai ci kafin ya fita aji shida. A tambayi malamin gona inda gandun renon itatuwa mai aminci yake. Akwai cibiyar binciken lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano.

Ranar auna fili, kada manya su karɓe igiya. A ba 'yan aji biyar igiya mai ƙulli kowace mita 10, su kafa turaku da kansu. Hekta ɗaya mita 100 ce tsawo, 100 faɗi. To, in tsakanin mangwaro mita 10 ne, nawa za ta ɗauka? Su lissafa su sami 100, su kuma lissafa na filinsu. Kowane aji ya sami littafi: ranar dashe, tsawon itace kowane wata, ranar da fure ya fito, kwano nawa aka tsinka, nawa aka sayar.

A haƙa rami ƙafa biyu faɗi, ƙafa biyu zurfi, tun kafin ruwa ya sauka. Ƙasar sama a gefe guda, ta ƙasa a ɗaya gefen. A gauraya ta saman da ruɓaɓɓen taki, ita za a fara mayarwa. Ɗanyen kashin shanu yana ƙone saiwa, yana kiran gara. Sai damina ta zauna, wajen Yuni ko Yuli, a dasa da yamma. A yanke ledar a cire, kada a fasa dunƙulen ƙasar. Mahaɗin auren ya tsaya a sama da ƙasa. Duk tohon da ya fito ƙarƙashin mahaɗin a cire shi, in ba haka ba na gidan zai rinjayi na kirkin. Furen shekarar fari ma a kakkaɓe, ko da yara za su yi gunaguni, domin itacen ya yi ƙarfi tukuna.

Da rani kowane dashe yana bukatar bokiti guda sau biyu ko uku a mako, har rani biyu. Inda ruwa ke wuya, a binne tulu har wuya a gefen itacen, a cika shi, a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa wajen saiwa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa kewaye, amma kada ta taɓa gindin, a zuba toka saboda gara. A nome kewayen lambun kafin lokacin gobarar daji.

Abu biyu sukan kashe lambun makaranta ko da ya girma. Na ɗaya, malami ya mai da ban ruwa horon masu latti. Yaron da aka hora da bokiti ba zai so itace ba har ya tsufa. Gara kowane itace ya sami yara biyu ko uku masu shi, a rubuta sunayensu. Na biyu, rashin sanin na wane ne 'ya'yan. An sha ganin hedimasta ya dasa, aka yi masa canji, wanda ya gaje shi ya sayar wa 'yan kasuwa tun suna ɗanye. Tun yanzu a zauna da hedimasta, da mai unguwa, da iyayen yara, Kirista da Musulmi duka, gama makarantar ta kowa ce. A rubuta cewa yara za su fara ci, abin da ya ragu a sayar, kuɗin ya shiga littafin da iyaye za su iya dubawa.

Kafin taronku na gaba, ku aiki mutum biyu su auna nisan ruwa daga filin makaranta, su kuma kawo sunayen gidajen da za su karɓi ban ruwa a hutun Kirsimati da na Ista, mako mako.