Zaɓen Jami'a Ga Mai Nufin Zama Likita Ta Hanyar Ilmin Halittu

A kowace shekara ɗalibai masu ɗimbin yawa sukan nemi karatun likita a jami'o'in ƙasar nan, amma gurabe ba sa isa. Da yawa daga cikin waɗanda suka rasa akan ba su ilmin halittu, watau Bayoloji, ko wani fanni makamancinsa, su karɓa da niyyar komawa likitanci nan gaba. Wannan hanya takan ɓulle, sai dai doguwa ce. Saboda haka ya wajaba ɗalibi da iyayensa su san tsawonta tun kafin su zaɓi jami'a.

Hanyoyi biyu

A Nijeriya ba sharaɗi ba ne sai mutum ya yi digiri kafin karatun likita. Wanda ya sami kiredit a Turanci, da Lissafi, da Bayoloji, da Kemistiri, da Fiziks, ya kuma ci jarrabawar JAMB da tantancewar jami'a, zai yi shekara 6 ya sami digirin MBBS. Wanda kuwa ya fara da digirin kimiyya zai yi shekara 4, sa'an nan ya nemi shiga aji biyu kai tsaye ta hannun JAMB, ya ƙara shekara 5. Jimla shekara 9 ke nan. Bayan haka dukansu sai sun yi shekara guda ta horo a asibiti kafin a yi musu cikakkiyar rajista.

A Amurka tsarin dabam ne. A can sai an gama digirin farko, an zauna jarrabawar MCAT, kana a yi shekara 4 a makarantar likita, kuma kaɗan ne daga cikin makarantun ke ɗaukar baƙi. Kada a ɗauki shawarar da aka yi domin ɗaliban can a ɗora a kan namu.

Abubuwan da za a duba

Na farko, sharuɗɗan shiga kai tsaye. Kowace jami'a da nata. Wasu sun fi karɓar digiri a ilmin ginin jikin ɗan Adam, ko na aikin gaɓoɓinsa, ko Bayokemistiri, galibi kuma da sakamako mai daraja ƙwarai. A karanta littafin bayani na JAMB da kyau, domin matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, amincewar hukuma. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ke amincewa da kowane kwas. Majalisar MDCN kuwa ita ke amincewa da makarantun likita, ta kuma ƙayyade yawan ɗaliban da kowace za ta ɗauka. Wannan ƙayyadewa ce ta sa gurabe suka yi wuya, har ga mai digiri. A tabbatar kwas ɗin da makarantar duka suna da izini.

Na uku, kayan aiki. A bincika ɗakunan gwaje-gwaje da malamai. Jami'a mai asibitin koyarwa, kamar ta Ibadan da ta fara koyar da likitanci a 1948, ko Ahmadu Bello a Zariya, ko Bayero a Kano, ko ta Legas, ko ta Maiduguri, takan kusantar da ɗalibi ga masana fannin. Amma girman suna ba ya rubuta wa kowa jarrabawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Na huɗu, kuɗi. A yi lissafin shekara 9, har da abinci da wurin kwana. Asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, na ɗaliban makarantun gwamnati ne.

Gargaɗi

Akwai masu cewa, "Ka shiga kawai, baɗi a canja maka kwas." Canjin kwas ya dogara ne ga sakamako da samun gurbi, ba wanda zai iya lamunce shi. Duk wanda ya nemi kuɗi domin ya samo maka gurbi, ka guje shi.

A ƙarshe, ya kai ɗalibi, zaɓi fannin da za ka iya rayuwa da shi ko da likitancin bai samu ba. Ƙasar nan tana bukatar malaman kimiyya da masu binciken cututtuka kamar yadda take bukatar likitoci. Allah ya yi jagora.